Yadda za ka karya tsoro ka kama abin da ka zaɓa gadan-gadan

A Gombe ba ka rasa mutumin da ya shekara uku yana cewa zai fara. Ga wanda ya gama digiri a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere, hannunsa ya faɗa a haɗa sola, amma har yau yana yawo da takardu cikin ambulan daga wannan ofis zuwa wancan. Ga matar aure a Pantami wadda ta fi telan da take kai wa kaya iya yanka, kekenta kuwa na lulluɓe da tsohon zani a lungun ɗaki. Ga ma'aikacin da ya kama fili a Dadin Kowa don noman rani, ya bar shi a hannun yara, sai ƙarshen wata yake leƙawa. In ka tambaye su za su ce babu jari, ko lokaci bai yi ba. Wani sa'in gaskiya suke faɗa. Amma in aka zauna aka tona, galibi tsoro ne a ƙasa: tsoron hasara, tsoron ɓacin ran iyaye, da babbansu duka, tsoron abin da mutane za su ce.

Tsoro ba ya barin mutum kafin ya fara aiki, kuma akwai dalili. Duk lokacin da ka tunkari abin da kake tsoro sannan ka noƙe, nan take za ka ji sanyi a ranka. Wannan sanyin shi ne matsalar. Ƙwaƙwalwa tana ɗaukarsa lada, ta riƙe cewa gudun ne ya cece ka, gobe sai ta matsa maka ka gudu tun da wuri. Haka ake tafiya har abin da dā yake ɗan ba ka fargaba ya zama ba ka iya ko tunaninsa. A kan fahimtar wannan aka gina hanyar da likitan ƙwaƙwalwa ɗan Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, ya shimfiɗa a shekarun 1950, wadda har yau asibitoci ke aiki da tushenta: a tunkari abin tsoro kaɗan-kaɗan, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, har jiki ya gane cewa bala'in da yake hasashe ba ya aukuwa, ko kuma in ya auku ana iya jure shi.

Fito da tsoron a takarda

Sayi ƙaramin littafin rubutu ka keɓe shi don wannan aiki. A shafin farko rubuta kowane tsoro da cikakkiyar jimla. "Ina tsoron kasawa" ba ta da amfani, domin ba ta da inda za a kama ta. Rubuta haka: "Ina tsoron in na kama shago a Jekadafari, wata uku su wuce ba ciniki, kuɗin haya ya cinye jarin." A ƙarƙashin kowace jimla amsa abu uku: daga 0 zuwa 10 yaya yiwuwar faruwarsa, me za ka yi washegari in ya faru, kuma me za ka iya yi a wannan makon don rage shi.

Da ka gama za ka ga jerin ya rabu gida biyu da kansa. Akwai tsoron da rashin sani ya haifa, akwai wanda kunya ta haifa. Wanda yake son shiga ajiyar wake amma yana tsoron ƙwari su mayar masa da shi gari, tsoronsa na gida na farko ne, kuma maganinsa tambaya. Dillalan Tudun Hatsi za su gaya masa a shanya waken ya bushe ƙayau kafin a ɗure, za su nuna masa buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ake ɗaure kowane baki daban don iska ta ƙare wa ƙwaron ba tare da an zuba magani ba. Za su kuma gaya masa gaskiya cewa farashi yakan sauka da kaka ya tashi wajen damina, amma ba kowace shekara ba. Wuni biyu a kasuwa sun isa su rage wannan tsoro da rabi. Amma tsoron kada abokin karatu ya wuce a mota ya gan shi da ƙura a jiki yana auna hatsi, babu dillalin da zai koya masa maganinsa. Wannan sai an tsaya an bari an gan ka.

Naka ne ko na aro?

Kafin ka zuba ƙarfinka, tabbata abin naka ne. Mutane da yawa suna shiga sana'a don sun ga wani ya sayi mota da ita, kuma Bahaushe ya riga ya faɗa cewa kowa ya daka ta wani zai rasa turmin daka tasa. Tunani kaɗai ba ya warware wannan. Yi gwaji na mako biyu, awa biyu kullum, a wurin mai sana'ar, kuma ka roƙi a ba ka ɓangaren da ya fi muni. A ɗinki shi ne farke abin da aka ɗinka ba daidai ba, da guga, da haƙuri da mai kayan da ke canza magana bayan an yanka. A aikin sola shi ne hawa kwano da tsakar rana a watan Afrilu. A kiwon kaji shi ne kwashe kashi da tashi cikin dare duba 'yan tsaki. In bayan kwana 14 kana tashi da niyyar komawa, kana ma tambayar abin da ba a koya maka ba, alama ce mai kyau. In kana ƙirga kwanakin da suka rage, ka gode wa Allah da ka gane da wuri.

Tambayi kanka kuma: da a ce ba wanda zai taɓa sanin kai ke yin abin, za ka yi shi? Sannan juya tambayar kan abin da kake yi yanzu: ba don idon jama'a ba, za ka ci gaba da shi?

Dole a faɗi wani abu a nan, domin ana yawan fakewa da zancen "ra'ayina ne". Tsayawa kan gaskiyar kai daban, son zuciya daban. Zaɓin da zai bar iyalinka da yunwa, ko ya kai ka ga haram, ko ya sa ka wulaƙanta iyayenka, son zuciya ne ko da wane suna aka ba shi.

Yanke wa hasara farashi

Tsoron hasara yana da ƙarfi ne muddin ba a san girmanta ba. Don haka a sa mata adadi.

Fara da cefane. A ce gidanka yana cin naira 150,000 a wata, abinci da haya da makaranta da magani. Ka ware na wata uku aƙalla, wato naira 450,000, a wurin da ba ka taɓawa, kafin ka bar abin da ke kawo maka kuɗi yanzu. In noma ko kiwo za ka shiga, inda ba a ganin kuɗi sai an girbe ko an sayar, na wata shida ya fi. Jari kuma daban ne da wannan kuɗi. Kuskuren da ya fi kashe sababbin sana'o'i shi ne haɗa su a aljihu ɗaya: yau an ɗebi na omo, gobe na gudunmawar biki, wata biyu sai a ce sana'ar ba ta da albarka.

Sannan rubuta adadin da za ka iya rasawa gaba ɗaya ka ci gaba da rayuwa. Shi ne jarinka, ba ƙari. Kuɗin makarantar yara, kuɗin amana, da gidan gado da wasu ke da haƙƙi a ciki ba sa shiga wannan lissafi. Ka nisanci manhajojin bashi na waya: wa'adinsu gajere, ruwansu mai yawa, wasunsu kuma in ka makara sai su bi lambobin da ke wayarka suna tozarta ka, wato ainihin abin da kake tsoro. In adashi za ka yi, kada ka roƙi kwasar farko. Wanda ya kwasa da farko bashi ya ci, kuma sabuwar sana'a ce za ta riƙa zubi tun ba ta tsaya da ƙafarta ba. Kwasar tsakiya ko ta ƙarshe ta fi kwanciyar hankali.

Ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci ya sani cewa Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana shi gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, ban da noma. Mai gona a Dadin Kowa ba shi da matsala da doka, abin da ya rage masa shi ne ya riƙa zuwa. Wanda kuma zai ajiye aikin kamfani ya duba takardar ɗaukarsa aiki ya ga sanarwar kwana nawa aka gindaya. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya sa mako ɗaya ga wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga mai biyar ko fiye, amma wurare da yawa suna rubuta wata ɗaya ga kowa. Ka fita da sallama. Tsohon maigida yakan zama mai saye na farko, ko mai ba da shaida a kanka.

Abu na ƙarshe a wannan shafi: ɗauka shekara ta zagayo kuma abin ya rushe. Rubuta dalilai biyar da suka rusa shi. Mutum ya fi iya hango matsala in ya ɗauka ta riga ta faru. Yawanci abin da ke fitowa shi ne bashin 'yan'uwa, rashin wuta, yaron shago marar amana, wuri marar jama'a. Kowanne ka rubuta masa rigakafi layi ɗaya.

Shawara, istihara, azama

Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana ta jera abin a tsari: a yi shawara, idan aka ƙulla azama sai a dogara ga Allah. Mai tsoro yakan maƙale a mataki na farko. Zai tambayi mutum 20, kowa ya ba shi tasa, ya koma gida da ruɗani fiye da yadda ya fita, kuma a ransa yana jin kamar yana aiki. Mutum uku sun isa: wanda ya daɗe a cikin sana'ar, wanda ya yi ta ya karye, da dattijon da ya san halinka tun kana yaro. Na biyun ya fi wahalar samu kuma maganarsa ta fi tsada. Tambaye shi wane wata abin ya fara lalacewa, da abin da ya gani ya ƙyale.

Istihara raka'a biyu ce ta nafila da addu'ar da Jabir ɗan Abdullahi ya ruwaito, tana cikin Buhari. Babu sharaɗin mafarki a cikin hadisin. Wanda ya yi wata shida yana maimaita ta yana jiran ya ga farin doki a barci, jan ƙafa yake yi da rigar ibada. Ka yi ta, ka kama hanya, in alheri ne Allah ya sauƙaƙa, in ba shi ba ya karkatar da kai. Akwai kuma addu'ar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yawaitawa ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, gajiyawa da kasala, rowa da ragwantaka. Riƙe ta safe da yamma. Kirista ma ya yi addu'arsa, ya ga fastonsa ko dattijon ikilisiya, sannan ya yanke. Ko ta wace hanya, sa wa yanke shawarar rana a kalanda, kada ta wuce mako biyu daga yau, kuma ka gaya wa mutum ɗaya ranar.

Hawa mataki-mataki

Wannan shi ne maganin tsoron kunya, kuma a nan ake yawan yin kuskure, don haka a bi a hankali.

Rubuta ayyuka takwas zuwa goma da ke cikin abin da ka zaɓa waɗanda kake jin nauyin yi, ka ba kowanne maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon yadda gabanka ke faɗuwa in ka tuna shi. Mu ɗauki mai kekenmu ta Pantami. Ki ɗinka wa 'yar ƙanwarki riga ki karɓi kuɗin aiki, ƙila 3 ne. Ki sa hoton ɗinkin a WhatsApp da farashi a rubuce, 5. Ki faɗa wa maƙwabciya kuɗin ɗinki ido da ido, ki yi shiru ba tare da kin rage da kanki ba, 6. Ki karɓi ankon biki na mutum goma, 8. Ki je gidan wadda ta riƙe miki kuɗi wata biyu ki ce kin zo karɓa, 9.

Fara da abin da ke 3 ko 4. Kafin ki yi, rubuta abin da kike zaton zai faru, dalla-dalla: "Za ta ce ya yi tsada, ta gaya wa matan layi na cika son kuɗi." Bayan kin yi, rubuta abin da ya faru. Wannan rubutu biyu su ne zuciyar aikin, domin ƙwaƙwalwa tana koyo ne daga tazarar da ke tsakanin zato da abin da ya auku, kuma in ba a rubuta ba sai ta manta, ta ce ai sa'a ce. Maimaita mataki ɗaya sau uku ko huɗu a mako, da mutane daban-daban, har makinsa ya sauka zuwa kusan rabi, sannan ki hau na gaba.

Abu uku ke ɓata shi. Na farko tsalle: a bar 4 a faɗa wa 9 saboda an ji wa'azin ƙarfafa gwiwa da daddare, a sha kunya, a koma baya fiye da inda aka taso. Na biyu tazara: a yi yau, sai bayan mako uku, tsoron ya riga ya sake tsirowa. Na uku ya fi su ɓoyuwa, shi ne dabarun fakewa. Ki aiki yaro ya faɗi farashin maimakon ke. Ki sa hoton da ƙarfe biyun dare ki goge kafin asuba. Ki faɗi kuɗin kina haɗawa da "amma ki kawo ko nawa ne". Saurayin da ya fara tura baro ko sayar da kaya a bakin titi ya sa hula da takunkumi don kada a gane shi, ya zaɓi unguwar da ba wanda ya san shi. Duk wanda ya yi haka ya yi aikin amma bai koyi darasin ba, domin zuciyarsa za ta ce fakewar ce ta tsare shi. Gano dabararka, ka cire ta ɗaya bayan ɗaya.

A lokacin da kake tsaye gaban abin, jiki zai yi nasa: bugun zuciya, gumin tafin hannu, bushewar baki, murɗawar ciki. Sinadarin adrenalin ne, yana shirya ka don gudu ko faɗa, kuma yana sauka da kansa in ka tsaya. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar a hankali kana ƙirga shida, na minti biyu zuwa uku. Fitarwar ce ke sassauta bugun zuciya. Kada ka jira sai jikin ya kwanta tukuna, yi maganar da rawar muryar. A ranar da kake da irin wannan aiki rage goro, kofi, shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzari, domin sinadarin kafin da ke cikinsu yana ƙara bugun zuciya kuma yana ɗaukar sa'o'i kafin ya bar jiki.

Zama da iyaye

Yawancin iyayen da ke cewa a'a ba sana'ar suke ƙi ba. Suna tsoron ka wulaƙanta, ko ka rasa abin ci, ko ka faɗa hannun abokan banza. In ka je da hujjar cewa zamani ya canza, ba ka taɓa ko ɗaya daga cikin ukun ba.

Zaɓi lokaci. Bayan isha'i, an ci abinci, ba baƙo a zaure. Kada ka tayar da maganar a gaban ƙanne, domin uba ba ya son a gan shi ya sauka daga magana a gaban yara. In Baba mai zafi ne, fara da Inna, ko Baffa ko Kawun da yake jin maganarsa, su share fage kwana biyu kafin ka shiga. Ka tafi da littafinka. Ka zauna ƙasa, ka gaisa yadda aka saba, sannan ka ce wani abu kamar haka:

"Baba, na zo neman shawararku da albarkarku. Aikin nan na nema shekara biyu, Allah bai kawo ba. Na koyi haɗa sola a wurin maigidana, ya ce hannuna ya yi, kuma na tara abin farawa ban ci bashin kowa ba. Ina roƙon ku ba ni shekara ɗaya. Duk wata zan kawo muku lissafi ku gani. In shekarar ta cika ban iya ɗaukar nauyin kaina ba, zan dawo mu sake zama."

Lura da abin da ke ciki: an ambaci wanda ya koya maka, an kawar da zancen bashi, an sa wa'adi, an ba su wurin sa ido. Kada ka yi alkawarin da ba za ka cika ba don kawai a bar ka, irin "duk abin da kuka ce zan yi". In ya ce a'a, kada ka ja. Ka ce, "To Baba, na ji, Allah ya ƙara girma," ka tashi. A'ar farko sau da yawa ta mamaki ce. Koma bayan mako ɗaya ko biyu da amsar abin da ya fi damunsa.

Matar aure kuma ta je wa maigida da amsoshin tambayoyin da zai yi kafin ya yi su: wace sa'a za a yi aikin, wa zai kula da yara, su wa za su riƙa shigowa gidan, ina za a ajiye kuɗin. In an ƙi sam, a nemi wani babba ko limamin unguwa ya sa baki, a ci gaba da koyo kafin nan. Abin da ba mu goyon baya shi ne a yi a ɓoye. Ban da haƙƙin da ke ciki, ɓoyo yana ninka tsoro, domin yanzu kana tsoron hasara kuma kana tsoron a gane.

Bakin mutane

A shekarar 2000 Thomas Gilovich na Jami'ar Cornell a Amurka da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike. An sa ɗalibai riga mai hoton da suke jin kunyarsa aka tura su ɗakin da wasu ke zaune. Sun zaci kusan rabin mutanen za su lura da hoton, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne suka lura. Gaskiya a unguwanninmu an fi can sa ido, kuma majalisar ƙofar gida ba ta barin abu ya wuce. Za a yi maganarka. Sai dai maganar ba ta daɗewa, wani auren ko wata siyasar za ta ture ta, kuma mai yin ta ba zai biya maka kuɗin haya ba ko ka fasa.

Rubuta sunayen mutum biyar da ra'ayinsu ke da nauyi a rayuwarka da gaske. Su kaɗai ke da haƙƙin dogon bayani. Saura kuwa tanadi musu jimla ɗaya ka haddace: "Sana'ar da na zaɓa ke nan, a taya ni da addu'a." In an ce, "Duk digirin nan?" ka ce, "Wallahi kuwa, a sa mu a addu'a," ka ci gaba da aikinka. Dogon bayani yana nuna kana neman izini, kuma mai gori yana jin ƙanshin hakan.

Wa'adin da ba a buɗe tambaya a cikinsa

Shiga gadan-gadan ba ya nufin ƙona duk abin da ke bayanka. Yana nufin ka yanke wa'adi, kuma a cikinsa tambayar "in ci gaba ko in bari" a rufe take. Wanda yake sake yanke shawara kowace safiya ƙarfinsa a nan yake ƙarewa, kuma rabin ƙoƙari ba ya ba da amsa: in abin ya gaza ba za ka san sana'ar ce ba ta yi ba ko kai ne ba ka yi ta ba.

Wa'adin ya zagaye shekarar sana'ar. Tela da ya fara ana saura wata ɗaya sallah zai zaci ya tsinci dami a kala, wanda ya fara bayan babbar sallah zai zaci ya yi kuskure, dukansu ba su ga gaskiyar ba sai sun ga cika da rama. Ga yawancin sana'o'i wata 12 ne, ga noman rani aƙalla zagaye biyu.

A cikin wa'adin, buɗe wurin aiki a sa'a ɗaya kullum ko da mai saye ko babu. Kafa allo da suna da lambar waya. Rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita a ranar. In abin ya fara tsayawa yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, ka buɗe masa asusun banki nasa. Sannan tanadi amsa ga lokutan da ka san kana karaya, a tsarin "in kaza ya faru, zan yi kaza", wanda masanin halayya ɗan Jamus Peter Gollwitzer ya nuna yana taimaka wa mutane cika niyyarsu. In ɗan'uwa ya nemi bashin kaya, zan ce jarin ba ya ɗaukar bashi a shekarar farko. In kwana uku suka wuce ba ciniki, zan ɗauki samfur in zaga shaguna biyar. In na ji ina son fasawa, zan rubuta dalilin in ajiye shi sai ranar bita.

Ranar bita sau ɗaya ce a mako, minti 20: nawa ya shigo, mutum nawa sababbi suka zo, wane mataki na tsoro aka hau. Tun ranar farko kuma rubuta sharaɗin tsayawa, misali in jarin ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, ko in an fara taɓa kuɗin cefane. In sharaɗin ya cika ka tsaya ba tare da jin kunya ba, domin kai ka gindaya shi da hankalinka a kwance. In bai cika ba, watanni na biyu zuwa na huɗu, lokacin da ɗokin farawa ya wuce kuma riba ba ta fara ba, ba dalilin fasawa ba ne.

In tsoron ya zama ciwo

Akwai inda wannan tsari ba ya isa shi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ke fama da ciwon fargaba a shekarar 2019. In damuwa ta riƙe ka mafi yawan kwanaki har wajen wata shida, ko ta hana ka barci da cin abinci, ko kana samun faɗuwar gaba kwatsam da sarƙewar numfashi har ka ji kamar mutuwa za ka yi, ko ka daina fita cikin jama'a, je asibiti. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi suna da likitocin ƙwaƙwalwa, kuma zuwa wurinsu ba ya nufin hauka. Likita zai iya duba ko ƙarancin jini ne ko matsalar maƙoƙo, domin su ma suna kawo bugun zuciya da rawar jiki. Kada ka sayi tiramadol, diyazafam ko maganin tari mai kodin don ka samu ƙarfin hali. Suna kwantar da fargabar na 'yan sa'o'i, su dawo da ita da ƙari, sannan jiki ya kamu da su. Wanda kuma tunanin kashe kansa ya fara zo masa, ya gaya wa wani na kusa a yau, a raka shi asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba.